Yadda Turanci Ya Ƙwace Sunan Baba Bututu

Shekara arba'in da ɗoriya Baba Bututu ya yi yana sa a ji muryar mutane, amma ba wanda zai ce ya taɓa jin tasa a cikin lasifika. Ko gwajin nan da abokan sana'arsa suke yi kafin taro, su riƙe makirufo suna ta “ɗaya, biyu, ɗaya, biyu” kamar masu koyon ƙirga, shi ba ya yi. Sai dai ya ƙwanƙwasa kan makirufon da farce sau biyu, ya karkata kunne, ya koma bayan teburinsa ya zauna.

Laƙabin ya same shi ne tun yana saurayi, lokacin da yake ɗaure wata tsohuwar lasifika mai faɗin baki a bayan keke yana kai ta gidajen biki. Mutanen layinsu suka ce ai bututun zuba mai ne ya goya. Da farko ransa ya ɓaci, har ya daina gaisawa da wasu. Da ya ga sunan ya fi nasa na gaskiya kawo masa aiki, sai ya rungume shi hannu biyu, ya sa aka rubuta shi da farin fenti a jikin kowane akwatin sauti da kuma bayan rigar aikinsa mai ruwan toka. Matarsa ba ta taɓa yafe masa wannan ba.

“Mutum da sunansa mai kyau,” in ji ta, “ya je ya rataya wa kansa kayan gidan mai.”

A wurin wani tsohon mai gyaran rediyo ya koyi aikin, a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, inda kullum warin dalma da ƙonanniyar roba ke tashi. Tsohon ba mai yawan magana ba ne, kuma abu biyu kawai ya nanata masa har suka zauna. Na farko, injin sauti ba da kunne kaɗai ake sauraronsa ba, da tafin hannu ne da hanci. Idan ka ji ƙauri, zare waya tukuna, ka yi tunani daga baya. Na biyu, mai sauti ba ya buɗe baki a taron mutane. An kira ka ne don a ji su. Idan abu ya lalace, ka sunkuyar da kai ka gyara, kada ka tsaya kana ba jama'a uzuri.

A kan waɗannan biyun ya gina rayuwarsa. Duk taron da ya je, za ka gan shi can gefe, tafin hannunsa na hagu a kan amfilfaya, injin ƙara sautin, kamar mai duba zazzaɓin yaro, filaya da jan tef a aljihu. Da wannan sana'ar ya yi aure, ya gina ɗaki uku, ya kai 'yarsa ta fari makaranta har ta zama malamar Turanci a sakandare. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Shi kuwa Turancinsa bai wuce abin da aka rubuta a ƙarƙashin maɓallan injin ba, su ɗin ma ba karanta su yake yi ba, ya dai san mazaunin kowanne. Amma idan ya ji ta tana Turanci a waya, sai ya bar abin da yake yi ya saurara, yana murmushi kamar yana ganewa.

Abin ya faru ne wata rana da yamma, a filin wata makaranta, zaɓe ya gabato. Ɗan majalisar yankin ya kira taron da ya ce na sauraron jama'a ne. Mai shirya taron, wani matashi mai baƙin tabarau da waya biyu a hannu, ya ce lasifika huɗu sun yi kaɗan, ya aro wasu huɗu, ya ce a haɗa duka.

“Injin ba zai ɗauka ba,” in ji Baba Bututu.

“Haba Baba, haɗa kawai. Awa ɗaya ce fa.”

Ya haɗa. Wannan kuskurensa ne, kuma bai taɓa musun sa ba. Awa ɗaya ta zama uku. Rana ta juyo ta dira a kan teburinsa. A bayansa ga janareta da jarkar fetur, a samansa ga rumfar tamfol, a gefensa ga mata masu goyo sun matso suna neman inuwa. Tafin hannunsa ya daɗe yana gaya masa abin da ba ya so ya ji.

Daidai lokacin aka miƙa wa wata mata makirufo, gajeriya, ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin unguwa. Ta ce, “Ranka ya daɗe, shekara shida ke nan ana ce mana an gyara ɗakin haihuwa. Ina so ka gaya wa matan nan ina…”

Sai ƙauri ya daki hancinsa, siririn hayaƙi ya fito ta bayan injin. Ya fizge wayar. Filin ya yi tsit, bakin matar na motsi ba a jin komai. Ya ɗaga kai yana neman mai tabarau a wajen manyan baƙi, bai gan shi ba, sai ya sunkuya ya fara kwance ƙusoshin murfin. Kafin ya gama, ɗan majalisa ya ɗaga hannu ya yi wa jama'a murmushi, ya shiga mota.

Wani daga cikin jama'a ya ɗauki bidiyon abin a waya, daƙiƙa goma sha ɗaya, ya watsa a intanet. Babu hayaƙi a ciki, kuma waya ba ta ɗaukar ƙauri. Abin da ake gani shi ne hannu yana fizge waya, da dattijo yana duban wajen manya kamar mai jiran a ce masa ya kyauta, da murmushin ɗan majalisa, da farin rubutun laƙabin ɓaro-ɓaro a gadon bayan dattijon.

Masu rigimar siyasa a waya, waɗanda ba sa jin daɗin zagi sai da Turanci, suka yi caraf da sunan. Kafin mako ya zagayo sun manna masa wutsiyoyin da Turanci ke manna wa kalmominsa, ya zama kalmar aiki: a yi wa mutum bututu, wato a toshe bakin mai gaskiya don a faranta wa babba. 'Yan adawa suka buga ta a riguna. 'Yan jam'iyyar ɗan majalisar ma, da yake ba su san kunya ba, suka ɗauka suna jifan abokan hamayya da ita. Daga nan ta tsallaka ƙasashen da ba su taɓa jin labarin filin makarantar ba. An kori ɗan jarida, an yi masa bututu. Alƙalin wasa ya ba da jan kati, bututu ne. Har mata da miji na amfani da ita a faɗan cikin gida. Mutanen da ba za su iya canza fis ɗin lantarki ba ko da an ɗora musu wuƙa a wuya, su ne suka zauna suna fassara abin da ke zuciyar mutumin da ya tsufa a bayan injin.

Shi bai ma sani ba sai da aiki ya fara janyewa. Wani da ya kira shi biki ya bugo ya ce an ɗaga ranar, alhali daga ƙofar shagonsa yana jin kiɗan. Shugaban wata makaranta da ya yi wa taron iyaye shekara goma sha biyar ya ce, “Baba, ka san yadda mutane suke, a bari ƙura ta lafa.” Mai shayin da ke kusa da shagon ya rage masa fara'a. Wasu samari suka riƙa tsayawa a gaban akwatunansa suna ɗaukar hoto, hannu a kan baki, suna dariya. Mai tabarau kuwa ko kiransa bai ƙara ɗauka ba.

Uwata ce ta zaunar da shi a tsakar gida ta nuna masa. Ya kalli bidiyon sau uku, ya miƙa mata wayar.

“Ai injin ne ya ɗau zafi,” ya ce.

“Na sani, Baba. To ka fito ka faɗa.”

“In faɗa wa wa? Wanda ya kira ni aikin ya sani.”

“Duniya za ka faɗa wa!”

“Duniya ce ta kira ni aiki?”

Matarsa, tana tsintar shinkafa a faranti, ta ce, “Ƙyale shi. Shekara talatin da biyar ina jira ya ba da uzuri a kan abu ɗaya, ko a kan ƙofar banɗakin da ya ce zai gyara.”

Ya ƙeƙashe ƙasa ya ƙi. A ganinsa, tsayawa gaban waya yana rantse-rantse ya fi zagin ciwo, kuma surutun mutane kamar ƙarar lasifika ne, idan ba ka taɓa komai ba yakan sauka da kansa. A nan ya yi kuskurensa na biyu, kuma ya fi na farko girma. Wata uku ya yi shiru, masu waya suka ce ai ga shi nan, mai gaskiya da tuni ya yi magana.

Uwata ta gaji ta rubuta bayani da kanta, da Turancinta mai kyau, ta haɗa da hoton cikin injin da ya ƙone baƙi ƙirin, ta sa a intanet. Ba ta ce ita 'yarsa ce ba. Kafin ta tashi daga makaranta an yi mata caa. Wani ya ce a kowane shagon gyara ana samun ƙonannen inji. Wata ta ce ga wata nan an turo ta ta yi wa gaskiya bututu. Da sunan ubanta aka zage ta, ta goge rubutun a ɗakin malamai.

Ya ci gaba da buɗe shago kullum da safe. Ya share ƙofa, ya fito da akwatuna ya goge su, ya naɗe wayoyin da ba wanda ya warware. Wani lokaci a kawo masa rediyo ko fanka. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abin da ya fi cin ransa ba rashin aikin ba ne. A rayuwarsa bai taɓa karɓar abin wani don ya cuci wani ba, ga shi yanzu idan ya bi layi yana jin idanu a bayansa, har ya daina sa rigar.

Shekara ta kusa cika sai wata ɗalibar Uwata, yarinya mai ƙoƙari da ke zama a layin gaba, ta sa kalmar a cikin rubutun jarrabawa. Uwata ta ja mata jan biro har takardar ta huje, ta rage mata maki biyar, ta rubuta a gefe cewa wannan ba Turanci ba ne. Washegari yarinyar ta biyo ta baranda da ladabinta, riƙe da takardar da ta bugo.

“Malama, ki yi haƙuri, amma an sa ta a ƙamus. Cikin sababbin kalmomin bana take.”

Haka ne kuwa. Wasu masana a wata ƙasa mai nisa, masu tattara kalmomin da suka kama bakin mutane, sun ba ta gurbi. Sun rubuta yadda ake furta ta da ma'anarta, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe suka ce ta samo asali ne daga laƙabin wani mai sauti da ya kashe wa wata mata makirufo a taron siyasa. Yarinyar ba ta san ko 'yar wa take yi wa magana ba. Uwata ta ce mata ta je, za su yi magana ranar Litinin.

Da ta fassara masa a shago, Baba Bututu ya daɗe yana kallon takardar a juye.

“Wannan littafin, ana sake shi duk shekara?”

“Ana ƙara wasu kalmomi, Baba. Ba a cika cirewa ba.”

“Har bayan na mutu ke nan.”

“Har jikokinka su karanta.”

Ya ajiye takardar. Ya ce to, me za a yi? Ta ce maganarsa shi kaɗai ba za ta ƙara shiga kunnen kowa ba, mutum ɗaya ce za a saurara, matar da aka kashe wa makirufo. Tana tsaye kusa da teburinsa a ranar. Idan ta yarda suka tsaya tare a gaban waya ta ce ta ga hayaƙi, za a iya aika wa masu ƙamus su gyara ƙananan baƙaƙen nan, ko da kalmar ta zauna.

Ranar Asabar da hantsi suka hau mota biyu suka je asibitin. Ɗan gini ne mai ɗaki huɗu, mata masu ciki sun cika bencin baranda, kowace da katinta. Rabin rufin sabon kwano ne yana ƙyalli, sauran rabin katako ne tsirara, kafintoci biyu a sama suna buga ƙusa. Ungozomar ta fito tana goge hannu da tawul. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane shi, ta sa aka kawo kujera, ta gaishe shi har da rusunawa.

Uwata ta fara bayani, ta tsara shi tiryan-tiryan kamar darasi. Matar ta ɗaga hannu.

“Ba sai kin wahala ba, 'yar'uwa. Na ji ƙaurin. Hayaƙin ma na gan shi, ta gefen hannunsa ya fito. Da bai zare wayar nan ba, Allah kaɗai ya san abin da zai sami matan da ke ƙarƙashin tamfol ɗin.”

Uwata ta miƙe tsaye. “Kin sani? Shekara guda kin sani kika yi shiru?”

“Na sani.”

“Kin san abin da aka yi wa bawan Allahn nan kuwa?”

“Uwata, zauna,” in ji shi.

Ungozomar ba ta kare kanta ba. Ta ce shekara shida tana rubuta takarda, ofis-ofis, ba wanda ya taɓa amsa mata. Idan ana ruwa, bokiti suke jerawa tsakanin gadaje. Mata uku sun cika a hannunta, ɗaya cikinsu ta cika ne ita ungozomar tana riƙe da tocila a baki tana neman inda jinin ke fitowa. Ranar taron ma, da an bar ta ta gama tambayar, da ɗan majalisa ya ce za a duba, an tafa, an watse.

“Amma da aka ce an toshe min baki, Baba, sai ga 'yan jarida har ƙofar nan. Duk inda mutumin nan ya sa ƙafa, da kalmar ake tarbarsa. Kunya ce ta kawo kwanon nan, ba tausayi ba. Ranar da na fito na ce inji ne ya ƙone, na wanke shi ke nan. Kafintocin nan ba za su kai la'asar ba.”

Ta naɗe tawul ɗin a hannu ta sake warwarewa.

“Na ɗauki alhakinka, ban musa ba, kuma abin yana cina. Idan ka ce in faɗa, wallahi yanzu zan faɗa, haƙƙinka ne. Amma ka zo ka ga ɗakin tukuna.”

Ta kai su ƙarshen baranda ta tura ƙofa. Ɗakin haihuwar ne. Babu rufi, rana ta cika shi, jikin bango duk tabon ruwan shekaru. A kusurwa an jingina sababbin gadaje biyu, ko ledarsu ba a cire ba. Daga ɗakin da ke kusa ana jin wata mata tana nishi tana kiran uwarta.

Ya tsaya yana kallon ɗakin. Yana son sunansa, bai taɓa sanin yana son sa haka ba sai yau da ya ga an miƙo masa shi. Uwata ta riga ta fito da waya, ta goge gilashin da gefen mayafinta.

“Saura wata nawa a gama?” ya tambaya.

“Idan sun ga dama, huɗu. Akwai ɗaki na biyu kuma, da wuta.”

“In an gama, kika fito kika faɗa, za a saurara?”

Ta dube shi ido cikin ido. “A'a, Baba. Za a ce an saye ni. Yanzu ma da ƙyar ne.”

Ya gyaɗa kai. “Uwata, mayar da wayar jaka.”

“Baba!”

“Na ce ki mayar.”

Ta mayar, hawaye na zubo mata ba ta share ba. Ungozomar ta raka su har bakin ƙofa tana ta neman abin faɗa. Can ta ce mako mai zuwa za su yi gangami a gaban ofishin hukuma saboda ɗaki na biyu, suna neman mai sauti, sai kuma ta kama bakinta, domin dukansu sun san ko kyauta ya ba su kayansa ba za su iya karɓa ba.

“Duk wanda kuka samu,” in ji shi, “ki ce ya sa injin a inuwa, nesa da janareta. Kuma kada ya yarda a haɗa masa fiye da huɗu, ko wa ya ce.”

Suka taka zuwa bakin titi. Rana ta yi zafi, motoci na wucewa a cike. Uwata tana gaba, tana tafiya da sauri kamar ba tare suke ba. Sai da suka tsaya a inuwar wani shago ta juyo, muryarta a dishe.

“Jibi yarinyar nan za ta zo da takardarta. Me zan ce mata?”

Ya ɗaga hannu yana tsayar da mota, bai dube ta ba.

“A yadda ta sa kalmar, daidai ta sa ta?”

“Daidai ta sa.”

“To ki mayar mata da makinta.”